Jan kofin Rumawa na kwaikwayo: ya ci kuɗinsa, amma ba na shayi ba ne

Na yi odar kofin nan ne ta intanet daga wani maginin tukwane a Ingila, wanda ke kwaikwayon kayan da masu tonon tarihi suka haƙo. Samfurin da ake kira Dragendorff 27 na zaɓa, sunan Bajamushen da ya rarraba ire-iren waɗannan kwanuka ya ba kowanne lamba a 1895.

Abin da ya fara burge ni ƙyallinsa. Ja ne wur, sumul, ba kuma fenti aka shafa masa ba. Rumawa kan tace yumɓu har ya zama ruwa-ruwa, su tsoma kofin a ciki, sannan su gasa shi da wuta mai zafin da ya haura digiri 1,000. Haka maginin nan ya yi, har da buga hatiminsa a tsakiyar cikin kofin kamar yadda magina na dā suke yi. A garin Arezzo na Italiya sana'ar ta fara bunƙasa, kafin ta koma La Graufesenque a kudancin Faransa, inda ake loda kwanuka dubbai a gashi ɗaya. Ashe dai kayan kasuwa ne, ba na sarakuna kaɗai ba. A tsohon birnin Pompeii na Italiya ma an tarar da akwati guda na irinsu da ba a kai ga kwancewa ba lokacin da dutse ya yi aman wuta a shekara ta 79 miladiyya.

Wajen amfani ne aka samu matsala. Ƙarami ne, bai fi ludayi biyu na kunu ba, ga shi babu mariƙi. Ka zuba shayi, yatsunka su gaya maka. Bakinsa kuma a buɗe yake, motsi kaɗan sai ya fantsale. Shi ya sa na fi yarda da masanan da ke ganin har miya da kayan haɗi ake zubawa a irinsa, ba abin sha kawai ba.

Kuɗin aikowa ya kusa kamo kuɗin kofin, wannan kam ya yi mini ciwo. An dai naɗe shi da kyau, ko tsaga babu.

Malamin tarihi da ke son ɗalibai su taɓa abu da hannunsu, ya saya. Mai neman kofin karin kumallo kuwa, ya nufi kasuwa.