Kwana biyar a wani masauki bayan garin Ngaundare

Shekara shida ke nan ina riƙe da depo na siminti da kwanon rufi a Garwa da ke arewacin Kamaru, kuma ban taɓa yin kwana uku a jere ba a kira ni kan tirelar da ta maƙale ko dilan da ke neman bashi ba. Ko ranar Sallah sai na leƙa. Likita ne ya fara yi mini maganar hawan jini, uwargida ta ɗora da nata, ta ce in ban huta da ƙafata ba, gadon asibiti zai hutar da ni. A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, muka tattara sai Ngaundare.

Shirin ya fi tafiyar wuya. Sati biyu na yi ina miƙa aiki: makullan sito ga mataimakina, littafin bashi ga akawu, sannan na kira manyan dilolinmu ɗaya bayan ɗaya na shaida musu ranar da ba na nan. Tsakiyar wata na zaɓa da gangan, don ƙarshen wata akwai albashi da lissafi. Abin da na kasa shi ne barin waya a gida.

Da ka haye hawan nan na gaba da garin Mbe, inda manyan motoci ke rarrafe kamar kunkuru, za ka ji iska ta canja. Ngaundare tana kan tudu, sama da mita 1,000, damina ma ta riga ta sauka a can alhali mu muna ta fifita. Masaukin na wani iyali ne, a bayan gari ta hanyar Maiganga, ko allo babu a ƙofa. Wani abokin ciniki ne ya kwatanta mini. Ɗakuna takwas ne zagayayyu masu rufin ciyawa, a tsakanin itatuwan fiya da mangwaro. Sefa dubu 20 a dare, har da karin kumallo.

A cikin ɗaki waya ba ta kama sabis ko kaɗan. Sai ka fita ƙarƙashin wani mangwaro kusa da ƙofa, ka ɗan ɗaga hannu. Ranar farko na yi kusan awa guda a nan, ina ta ɗaga murya da direban da tayarsa ta fashe, uwargida tana zaune ita kaɗai shayi na hucewa. Da na gama, Baba mai gadi, wani dattijon Bafulatani da ke jin Hausa rangaɗaɗau, ya dube ni ya ce, "Alhaji, kuɗin ɗaki ka biya ko kuɗin gindin mangwaro?" Na yi dariya, amma na ji kunya. Na miƙa masa wayar, ya jefa ta cikin tsohon gwangwanin madara inda yake ajiye goronsa, muka yi da shi zan karɓa minti goma bayan magariba. Rana ta uku sai da na kwanta na tuna ban karɓa ba. Wallahi wannan gwangwanin ya fi duk wani abin da na biya wa kuɗi a wurin.

Karin kumallon kuwa ba laifi: kindirmo mai kauri da ake kawowa daga ruga da sassafe, burodi, da zumar Adamawa, baƙa wuluk mai ɗan ƙamshin hayaƙi. Ni da na saba kurɓar shayi a tsaye, sai ga ni ina lasar cokali.

Mun zaga Tafkin Tison, mun je inda ruwan kogin Vina ke zubowa, ranar Juma'a kuma muka yi salla a masallacin da ke jikin fadar Lamiɗo. Baba ne ya nuna mana dutsen nan mai ƙwallon dutse a kansa, ya ce sunan garin ke nan a yaren Mbum, wato dutsen cibiya. Sauran lokacin barci na yi, irin wanda rabona da shi tun ina saurayi.

Yanzu ƙorafi. An ce akwai ruwan zafi, ashe hita ta daɗe da mutuwa. Bokiti ake kawowa, shi ma sai rana ta fito, don haka alwalar asuba da ruwan sanyi muka riƙa yi, mutumin Garwa kuwa ya san abin da nake nufi. Abincin rana in ka yi oda da azahar, sai dab da la'asar. Dare biyu aka ɗauke wuta, janareta na nan amma babu mai. A kan dubu 20 wannan bai dace ba, na kuma faɗa wa Hajiya mai wurin ido da ido. Mai zuwa ya riƙo tocila da bargonsa, na ɗakin sirara ne.

Da na koma Garwa na tarar mataimakina ya sauke tirela biyu lafiya lau, sai dai ya ba da bashi ga dilan da na shekara ina hana shi. Ya biya rabi dai. Na buga wa Hajiya na ce muna son dawowa a Disamba, in an gyara hitar. Ta ce in sha Allahu, da irin muryar da take cewa abinci ya kusa.