Zazzabin yaro: kemis ko asibitin unguwa?

Mu dai a Kano yaro na fara zafin jiki cikin dare sai kemis, kuma ban ga laifin kowa ba, ga shi a bakin layi, babu yankar kati babu bin layi, wani ma har bashi zai baka. Amma fa sau da yawa babu awo, hannu kawai zai dora a goshin yaron yace maleriya da taifot ne, ya hado maka kala hudu a farar leda harda allura, alhalin lasisin masu karamin kemis bai basu damar yin allura ba sam.

Asibitin sha-ka-tafi kuwa akwai zaman benci, wani lokacin ka wuni, a rubuta maka magani kaje ka siyo a waje. Sai dai za'a dora yaro a sikeli, kuma maganin maleriyar nan na kwana 3 da nauyin jiki ake bada shi ba da kintace ba. A dan tsikari yatsa a diga jini a gwada maleriya, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito, tun 2010 hukumar lafiya ta duniya tace a gwada kafin a bada magani. Sannan komai na cikin kati, ko gobe ka dawo an san me aka bashi.

Ni kemis na barshi a farasitamol da ORS (hadin ruwan gishiri da sukari na gudawa), shima sai na duba lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magani) da ranar lalacewa. In yaro ya fara jijjiga ko ya kasa shan nono kuwa, a daidaita sahu zan tara sai asibitin yara na Hasiya Bayero.