libcurl: kiransa da sauƙi, ɗaura shi da aiki

Duk wanda yake rubuta manhaja da harshen C kuma yana son ta yi magana da intanet, da wuya ya yi nisa bai ci karo da libcurl ba. Laburare ne, wato tarin ayyukan da aka riga aka rubuta don manhaja ta kira su, wanda Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar a shekarar 2000, kuma yana aika bayanai ya karɓo su ta HTTP da HTTPS da FTP da SMTP da wasu hanyoyi da dama, kyauta, ko da a cikin manhajar da za a sayar.

Wajen amfani ba ni da abin kuka. Kira huɗu sun isa a ɗauko shafi: curl_easy_init ya buɗe, curl_easy_setopt ya karɓi adireshi, curl_easy_perform ya yi aikin, curl_easy_cleanup ya share wurin. Abin da ya fi burge ni shi ne cika alkawari, domin tun 2006 sunan fayil ɗinsa a Linux yake libcurl.so.4, wato manhajar da aka haɗa da shi shekaru da dama da suka wuce tana ci gaba da aiki da sabon fitowa ba tare da an sake gina ta ba.

Aikin yana wajen gini da ɗaurawa, wato haɗa laburaren da manhajarka. libcurl ba ya sirranta bayanai da kansa, sai ya jingina da wani laburaren, kamar OpenSSL ko GnuTLS ko wolfSSL, ko Schannel a Windows, kuma tun 2021 configure, umarnin da ke shirya ginin, ba ya zaɓar maka, dole ka faɗi wanda kake so, misali --with-openssl. Wannan ya yi mini daidai, gara a tambaye ni da a yi mini zaɓi a ɓoye.

Idan kuma kana son cusa laburaren gaba ɗaya cikin manhajarka don kada ta nemi komai a kwamfutar mai amfani, to duk abin da libcurl ya jingina da shi ya zama nauyinka. Mahaɗin GNU, wato manhajar da ke yin ɗaurawar, yana karanta sunayen laburare daga hagu zuwa dama, saboda haka -lcurl ne zai fara zuwa, sannan -lssl, sannan -lcrypto da -lz. Na taɓa juya wannan jeri da hannuna, allo ya cika da ƙorafin cewa ba a san inda SSL_connect yake ba, na ɓata yammaci guda ina neman laifi a inda babu shi, alhali umarnin curl-config --static-libs yana nan zai ba ni jerin a shirye. A Windows kuwa, wanda ya manta bai ayyana CURL_STATICLIB ba zai ga mahaɗi yana neman __imp_curl_easy_init, sunan da ba ya cikin fayil ɗin da ya gina, kuma ko ya gyara wannan sai ya ƙara ws2_32, laburaren sadarwa na Windows.

Shawarata ga mai aiki a Linux ita ce ya ɗauki wanda tsarin ya zo da shi, ya bar CMake, mai tsara ginin manhaja, ya nemo shi da find_package(CURL), domin ta haka gyaran tsaro zai riƙa iso masa ba tare da ya motsa ba. Wanda ya gina nasa kuwa ya tuna ya nuna masa inda takardun shaidar shafuka suke, in ba haka ba haɗin HTTPS na farko zai tsaya da kuskure mai lamba 60.