Sharhi kan Sorry We Missed You: direban da aka ce shi ne ubangidan kansa

Ken Loach, mai ba da umarni ɗan Birtaniya, ya fitar da wannan fim a 2019, Paul Laverty ne ya rubuta labarin. Tsawonsa kimanin minti 100 ne, kuma ƙarfinsa yana cikin lissafin kuɗi da yake baje wa mai kallo.

Ricky magidanci ne a birnin Newcastle da ke arewacin Ingila, ya kama aikin kai saƙo gida-gida. Ranar farko manaja Maloney ya gaya masa cewa shi ba ma'aikacin kamfani ba ne, abokin hulɗa ne. Ma'ana babu albashi, babu hutun rashin lafiya, babu inda zai kai ƙara. Motar aikin shi zai saya, kafin alƙalami fam 1,000, dole aka sayar da motar matarsa Abbie, wadda ke zagayawa gidaje tana kula da tsofaffi. Ta koma shiga bas, aikinta ya ƙara tsawo. Na'urar da ke hannunsa tana ƙirga masa kowane minti, in ta lalace shi zai biya fam 1,000. In ya yi fashin kwana ɗaya sai ya nemo wani direba, ko a ci shi tara. Har gora aka miƙa masa ta fitsari, don babu lokacin tsayawa. Duk wanda ya san yadda ɗan adaidaita sahu ke kai balas kullum, ko da ciwo ko ba ciwo, zai gane tsarin nan take.

Abin yabo shi ne Loach bai mai da Maloney dodo ba. Shi ma tsoron rasa kwangila yake, don haka laifin ya koma kan tsarin. Kotun ƙolin Birtaniya ma a 2021 ta yanke cewa direbobin Uber, kamfanin tasi da ake kira ta manhajar waya, ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya.

Inda fim ɗin ya yi rauni: masifu sun taru da yawa a kan gida ɗaya, ga rikicin ɗansu Seb, ga duka da 'yan fashi suka yi wa Ricky, har mai kallo ya fara hango abin da zai biyo baya. Ƙungiyar ƙwadago kuwa ba a ji ɗuriyarta ba.

A kunna rubutun ƙasan allo kafin a fara, domin Turancin arewacin Ingila yana da wuyar kamawa.