Dokumentari kan rayuwar 'yan LGBT: wanne za ka saya, kuma ta ina ake cutar mutane

Kundin digirina na biyu na rubuta shi ne a Ingila, a kan ɗabi'ar jaridu ta buga sunaye da hotunan waɗanda ake zargi tun kotu ba ta ce uffan ba. Tun daga lokacin abokan aiki sukan tambaye ni wane dokumentari za su nema idan suna son sanin yadda 'yan luwaɗi, 'yan maɗigo da masu sauya jinsi suke rayuwa, da abin da dokoki da jaridu suka yi musu. Yawancin masu tambayar 'yan jarida ne, sai wasu lauyoyi da wata ma'aikaciyar lafiya da ke aikin cutar ƙanjamau. Kowa da ra'ayinsa a kan batun, amma duk sun yarda gani ya kori ji. Na kalli fiye da goma, na sayi wasu da kuɗina, an kuma yi mini ungulu da kan zabo sau ɗaya, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Idan kuɗin fim ɗaya gare ka, sayi Call Me Kuchu. Katherine Fairfax Wright da Malika Zouhali-Worrall ne suka yi shi a Yuganda, ya fito a 2012, ya kuma ci kyautar Teddy a bikin fina-finai na Berlin a wannan shekarar. "Kuchu" shi ne sunan da mutanen suke kiran kansu da shi a can. Fim ɗin ya bi David Kato, tsohon malamin makaranta kuma jami'i a ƙungiyar Sexual Minorities Uganda, a daidai lokacin da majalisar ƙasar ke duba ƙudurin dokar yaƙi da neman jinsi da ɗan majalisa David Bahati ya gabatar a 2009, wanda ya tanadi hukuncin kisa a wasu laifukan. A watan Oktoban 2010 wata ƙaramar jarida ta Kampala mai suna Rolling Stone, wadda ba ta da alaƙa da mujallar Amurka mai wannan sunan, ta buga hotuna da sunayen mutanen da ta ce masu neman jinsinsu ne, ta rubuta a shafin farko cewa a rataye su. Hoton Kato na nan a ciki. Shi da wasu mutum biyu suka maka jaridar a kotu, kuma a farkon Janairun 2011 alƙali ya ba su gaskiya, ya hana jaridar ci gaba da buga sunayen. Ba a rufa wata guda ba, ranar 26 ga Janairu, aka kashe shi da guduma a gidansa da ke Mukono. Kotu ta ɗaure wanda ya kashe shi shekara 30. 'Yan sanda sun ce rikici ne na tsakaninsu, abokan Kato kuwa suka ce jaridar ce ta nuna wa duniya ƙofar gidansa.

Masu fim ɗin ba su san haka za ta faru ba lokacin da suka fara ɗauka, shi ya sa Kato da za ka gani mai rai ne, yana dariya, yana zolayar abokansa, yana zuwa ƙauye wajen mahaifiyarsa. Amma wurin da ya sa nake cewa kowane ɗan jarida ya kalle shi, shi ne hirar da aka yi da editan jaridar, Giles Muhame. An bar shi ya yi maganarsa son ransa, ba a katse shi ba, ba a sa wani mai sharhi ya fassara mana shi ba. Yana bayanin yadda suke samo hotunan mutane yana ƙyalƙyala dariya. Na yi shekaru a ɗakin labarai, na san wannan dariyar. Na taɓa jin irinta ranar da aka kawo mana hotunan wasu samari da aka yi holinsu a gaban 'yan jarida, aka shiga zaɓen wanda fuskarsa ta fi fitowa. A ranar ban ce komai ba. Da na ga Muhame a allo sai da na tsayar da fim ɗin na fita waje na sha iska.

Sai jana'izar. Limamin cocin da aka gayyato ya juya huɗubarsa ta koma tsinuwa ga mamacin da irinsa, wuri ya hargitse, abokan Kato suka ɗauki akwatin da kansu zuwa kabari. Bishop Christopher Senyonjo, dattijon da cocin Anglican na Yuganda ya kora saboda tsayawa da waɗannan mutane, shi ya yi masa addu'ar ƙarshe. Ko mene ne matsayinka a kan rayuwar Kato, a al'adarmu gawa tana da haƙƙi, kuma wannan wurin zai daɗe a ranka. Fim ɗin ya tsaya kafin Shugaba Museveni ya sa hannu a ƙudurin na Bahati ya zama doka a 2014, dokar da kotun tsarin mulki ta soke a watan Agustan wannan shekarar saboda 'yan majalisar da suka zartar da ita ba su kai adadin da ake buƙata ba, sannan aka sake yin wata mai tsauri a 2023. Wannan sai ka cike da karatu.

God Loves Uganda na 2013 ƙasa ɗaya suka ɗauka, amma hankalinsa na kan 'yan mishan na Amurka, mutanen Yuganda sun zama 'yan rakiya a labarinsu. Kada ka fara da shi.

Na biyu a wajena shi ne A Jihad for Love na Parvez Sharma, 2007, wanda aka ɗauka a ƙasashe 12. Musulmi ne ke magana a ciki, masu salla da azumi, suna kokawa da abin da suke ji a zuciya da abin da malamai suka karantar da su. Akwai wani ɗan Masar da yake cikin mutum 52 da aka gurfanar bayan samamen jirgin ruwan Queen Boat a Alƙahira a 2001, akwai kuma Muhsin Hendricks, limami ɗan Afirka ta Kudu, wanda aka harbe a kusa da Gqeberha a watan Fabrairun 2025. Ba fim ɗin fatawa ba ne, kuma wanda ya shiga da niyyar samun hukunci zai fito hannu rabbana. Hotonsa ya tsufa, an dusashe fuskoki da yawa, amma tambayoyin da mutanen ciki suke yi wa kansu ba baƙi ba ne ga kunnen Bahaushe.

Na gida kuwa akwai The Legend of the Underground, wanda HBO ta fitar a 2021. Ya taɓo kamen mutum 57 da 'yan sanda suka yi a wani otal a Egbeda da ke Legas a watan Agustan 2018, aka yi holinsu, aka gurfanar da 47, sannan Babbar Kotun Tarayya ta yi watsi da shari'ar a Oktoban 2020. Labarin da muhimmanci, sai dai ƙyale-ƙyalen ya yi yawa, kuma filinsa Legas ne da New York. Mai neman labarin 'yan daudun Kano gara ya nemi littafin Rudolf Gaudio, Allah Made Us, na 2009. Born This Way na 2013 a Kamaru aka yi shi, kuma lauya Alice Nkom kaɗai ta isa dalilin kallo, musamman ga lauyoyi.

Na Amurka su ne aka fi yayatawa. The Times of Harvey Milk na 1984 ya ci Oscar, kuma aiki ne mai kyau a kan Harvey Milk, ɗan majalisar birnin San Francisco mai neman jinsinsa, da aka harbe tare da magajin gari George Moscone a 1978, amma siyasar birni ɗaya ce. How to Survive a Plague na 2012 na ma'aikatan lafiya ne: yadda 'yan ƙungiyar ACT UP, masu fafutukar yaƙi da ƙanjamau, suka matsa wa hukuma da kamfanonin magani har aka kai ga magungunan 1996 da suka sauya lissafin ƙanjamau. Paris Is Burning rawa ce da ado a New York. Disclosure na Netflix taurari ne zaune a kujera suna sharhin Hollywood, na kalla sau ɗaya ya ishe ni.

Akwai ma'auni ɗaya da nake auna kowane irin wannan fim da shi: me ya faru da mutanen ciki bayan an naɗe kyamara? A nan Welcome to Chechnya na David France, 2020, ya yi wa kowa fintinkau. An ɗora fuskokin wasu 'yan sa-kai a kan fuskokin masu neman jinsinsu da ke gudun azabtarwa a yankin Chechnya na Rasha, ta hanyar kwamfuta, ta yadda za ka ga hawaye da murmushi amma ba za ka gane mutumin ba. Maxim Lapunov ne aka cire wa tasa rufar, a daidai wurin da ya fito bainar jama'a a Mosko ya shigar da ƙara a 2017. Akwai bidiyon azabtarwa na gaske a ciki, mai raunin zuciya ya haƙura.

Yanzu ga abin da ya same ni. Lokacin da nake rubuta kundin, na ga wani shafin intanet yana sayar da Call Me Kuchu a kan rabin kuɗin da ake sayarwa a sauran wurare. Da hoton fosta, da taurarin yabo, da komai. Na sa lambar katina, na sauke, na kalla har sau uku ina rubuta abin da aka faɗa. Na ɗauko wata magana daga rubutun fassarar da ke ƙasan allo, wadda aka jingina wa ɗaya daga cikin mutanen ciki, na kafa hujja da ita a babi guda. Malamar da ke duba aikina ta san fim ɗin ciki da bai. Ta kira ni ofis, ta sa nata faifan, muka je wurin tare. Babu wannan maganar. Wani ne ya zauna ya sauya fassarar, ya cusa wa mutane kalaman da ba su faɗa ba don a ga kamar kuɗin Turawa suke nema. An kuma yanke jana'izar gaba ɗaya, nawa bai kai awa ɗaya ba, na asali kuwa ya kusa awa ɗaya da rabi. Makonni uku na aiki suka tafi a banza. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne saura ƙiris in sa ƙarya a bakin mutumin da ba zai iya kare kansa ba, ni da nake rubutu a kan jaridun da ke yin hakan. Bayan wata guda kuma na ga shafin ya sake cire mini kuɗi, wai na yi rajistar wata-wata, sai da na sa banki ya toshe katin.

Don haka kafin ka biya ko sisi, duba tsawon fim ɗin a shafin kamfanin da ya fitar da shi, ka gwada da wanda ake miƙo maka. Ratar minti biyu ba komai, ta minti ashirin kuwa almakashi ya shiga. Ka duba ko sunayen masu aiki suna fitowa a ƙarshe, domin masu yanka sukan fara da su. Duk wanda ya ce maka yana da shi da fassarar Hausa ta murya, tambaye shi wa ya fassara. Batu ne da mai fassara zai iya juya shi yadda ya ga dama, ya yi zagi ko ya yi talla, kai kana ɗauka maganar mutanen ciki ce. Araha ba ta ado.

Faifai ma da nasa tarkon. DVD na Amurka lambar yanki 1 gare shi, na Turai 2, Najeriya da Nijar kuma suna yanki 5, saboda haka na'urarka na iya ƙin karɓa sai in mai buɗe kowane yanki ce. Blu-ray na Amurka yankin A ne, namu B. Kamfanin Criterion ya fitar da Harvey Milk da Paris Is Burning a gyare tsaf, amma ka tabbatar da harafin kafin ka yi oda. Idan haya za ka yi a Amazon ko Apple, yawanci kwana 30 ake ba ka ka fara, da ka danna kuma awa 48 ke gare ka. Abin da ake samu a wata ƙasa ba lallai a same shi a taka ba. Ɗalibin da ke jami'ar waje ya fara leƙa Kanopy, shafin kallon fina-finai na laburare, da katin laburarensa, kyauta ne in jami'ar ta yi rajista.

Mafi haɗari duka shi ne na kyauta. A Najeriya dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi da shekara 10 ga shiga ko tallafa wa ƙungiyoyinsu, ga kuma dokokin shari'a a jihohi 12 na Arewa. Masu damfarar da ake kira kito da wannan tsoron suke cin abinci. Za a buɗe zaure a Telegram ko WhatsApp a ce ana raba fina-finai, sai a nemi lambarka da hotonka wai don a tantance ka. Daga nan sai barazana: ka turo kuɗi ko a kai wa iyalinka da wurin aikinka. Ba ruwansu da cewa kai ɗan jarida ne ko mai bincike. Fim ba ya buƙatar hotonka. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .apk kuma manhaja ce, in ka buɗe ta tana iya kwashe lambobi da saƙonnin da ke wayarka. Kada ka kai waya shagon tura fim ka ambaci waɗannan sunaye, kada kuma ka bar su a ciki in za ka kai ta gyara. Masu tunanin haska wa ɗalibai ko abokan aiki a taro, su fara zama da lauya.

Ni dai daga baya faifan asali na saya, na biya kuɗinsa cif, yana nan a kan kantata. Wanda ya samu nasa ya zarce can wajen ƙarshe ya duba: in babu Bishop Senyonjo tsaye a bakin kabari, ya mayar wa mai shi ya karɓi kuɗinsa.