Wasan "Ajebo ko Ɗan Gwagwarmaya" a Bukukuwan Kaduna: A Duba Katin Kafin a Biya

Masu shirya biki a Kaduna sun ƙara wani abu a cikin kayan da suke tallatawa, bayan kwalliyar ɗakin taro da mai kiɗa da mai hoto: wasan tambayoyi da ake auna gatan baƙi da shi. An fi yin sa a walimar ƙawayen amarya da wajen dina, wani lokaci kuma a taron tsofaffin ɗalibai. Wannan sharhi a kan wanda wani mai shirya biki na wajejen Unguwar Rimi yake bayarwa ne, amma tsarin kusan ɗaya ne ko'ina, don kwafa suke yi a wurin juna.

Ana raba wa kowane baƙo kati da biro. Katin na ɗauke da tambayoyi 15, kowace da amsa uku: ta farko maki uku, ta biyu maki biyu, ta uku maki ɗaya. Mai gabatarwa ya karanta, kowa ya yi alama, a tara. Daga 36 zuwa 45 ajebo ne, wato ɗan gatan da ya taso cikin daula, daga 25 zuwa 35 ɗan tsaka-tsaki, daga 15 zuwa 24 ɗan gwagwarmaya. Sai a kira wanda ya fi kowa maki da wanda ya gaza kowa su fito gaba, a ba na farko ƙullin garin kwaki, a ba na biyun cakulan. A takarda minti 20 suka rubuta. In baƙi sun haura 60, a ware minti 40, domin rabon kati da neman biron da ya ƙi rubutu da tara maki su ke cin lokaci.

Ta fuskar aiki ba su da laifi. Katin mai kauri ne, ba ya jiƙewa in lemo ya ɗiga, an rubuta shi da Hausa da Turanci, kuma Hausar ba ta inji ba ce. Suna zuwa da wuri, suna da makirufo na ko-ta-kwana. Wasan yana cike wannan dogon zaman da ake yi ana jiran shigowar ango da amarya, lokacin da dangin ango ke gefe guda, na amarya ke ɗaya gefen, kowa na latsa waya. Tara daga cikin tambayoyin ma masu daɗi ne. Da me kike cin tuwo, da cokali mai yatsu, da cokali, ko da hannu? Kin taɓa cin garau-garau a leda a tsaye? In kika shiga Kasuwar Bacci, za ki iya taya gwanjo ba tare da mai kaya ya ninka miki kuɗi daga jin muryarki ba? Nan za ka ga Hajiya mai gwala-gwalai har gwiwar hannu tana rantsuwa ita ma ta san daɗin ƙanzo da manja, 'ya'yanta na ƙaryata ta, ɗaki ya ɗauki dariya. Ba wanda ya yi asara, domin tambayoyin ɗabi'a ne, kuma mai hali ne ake tsokana.

Sauran shidan su ne matsalar. Wace firamare kika yi, ta kuɗi, ta LEA, ko allo kawai? Mece ce sana'ar mahaifinki? A wace unguwa kika taso? Ku nawa ne a ɗaki kuna yara? An taɓa koro ki gida saboda kuɗin makaranta? Kin taɓa hawa jirgin sama? Babu ɗaya a ciki da mutum ya zaɓa wa kansa yana yaro. Kuma lissafin ya nuna su ke yanke hukunci. Wadda ta ci maki uku-uku a waɗannan shida ta tashi da 18. Ko ta ci ɗaya-ɗaya a sauran tara, 27 gare ta, ba za ta taɓa faɗawa rukunin ƙasa ba. Wadda ta ci ɗaya-ɗaya ta tashi da shida. Ko ta cinye sauran duka, 33 za ta tsaya, ba za ta kai sama ba. Ashe aljihun uba ake aunawa, maganar tuwo da cokali ado ce kawai.

Irin wannan awo ya yi tashe ne a Ingila. A 2013 BBC ta fitar da sakamakon wani babban bincike da mutum sama da 160,000 suka cike, ƙarƙashin masana irin su Mike Savage da Fiona Devine, aka raba mutanen ƙasar gida bakwai bisa dukiya da irin mutanen da ka sani da abubuwan da kake sha'awa. Suka sa ɗan gajeren gwaji a intanet, mutane suka yi ta cikewa suna tsokanar juna. Amma can mutum shi kaɗai yake cikewa a kwamfutarsa, in ya ga dama ya faɗa, in bai ga dama ba ya yi shiru. A nan kuwa a gaban surukai ake yi, da suna da fuska, ga mai bidiyo na ɗauka.

Mai shirya wasan zai ce ai barkwanci ne, Bahaushe kuwa ya gaji barkwanci. Gaskiya ne. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, taubasai, jika da kaka, duk suna faɗa wa juna maganar da in bare ya faɗa sai an kai ruwa rana. Sai dai wannan wasa yana da doka: kowa na da bakin ramawa, kuma kowa ya san matsayinsa bai ragu ba bayan an tashi. Bakano ya ce da Bazazzagi bawansa, Bazazzagi ya mayar masa nan take, a tafa. To yarinyar da aka fito da ita gaban mutum ɗari biyu aka ce ita ce ta ƙarshe, da me za ta rama? In ta yi dariya an ce ta yarda, in ta ɗaure fuska an ce ba ta san wasa ba.

Tambayar sana'ar uba ta fi kowacce nauyi. A ƙasar Hausa sana'a gado ce mai ɗauke da daraja ko rashinta, har gobe akwai gidajen da ke jan ƙafa in ɗan mahauta ko ɗan makaɗa ya zo neman aure. A Kaduna kuma akwai wani ciwon na daban. Masaƙun Kakuri, tun daga masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957, sun riƙe dubban gidaje, da suka durƙushe a shekarun 2000 iyaye da yawa suka wayi gari ba albashi, aka cire yara daga makarantar kuɗi aka mayar da su ta gwamnati. Waɗannan yaran su ne samari da 'yan matan da ke zaune a teburin yau. Tambayar "an taɓa koro ki" ba abin dariya ba ce a wurinsu.

Ta unguwa ma haka. Katin ya ba Malali da Unguwar Rimi da Unguwar Sarki maki uku, ya ba Rigasa da Tudun Wada da Hayin Banki maki ɗaya, ya dawo da tsohon rabon da Turawan mulki suka yi na GRA, wato unguwar da aka keɓe wa manyan jami'an gwamnati, da unguwannin ma'aikata. Ga shi tun bayan rikicin Shari'a na shekarar 2000 sunan unguwa a Kaduna yakan nuna addinin mutum da ɓangaren kogin da yake kwana, abin da ba a son tonawa a taron da ya haɗa abokan aiki daga Barnawa da Kawo. Sannan akwai tsaro. A garin da ya sha fama da masu garkuwa da mutane, ba dabara ba ce a sa baƙo ya faɗi unguwarsu da tafiye-tafiyensa ta lasifika, alhali ba a san kowa da ke ɗakin ba, kuma bidiyon zai hau TikTok kafin gari ya waye.

Shi ma na saman ba kullum yake tsira ba. In amarya ce ta zo ta ɗaya, mai gabatarwa yakan ɗora da cewa ba ta iya tuƙa tuwo ba, ba ta san tsintsiya ba, a yi shewa. Uwar miji da ƙannensa na zaune suna ji, kuma sunan yakan bi ta har ɗakinta: duk ranar da gishiri ya yi yawa a miya, sai a ce ai ajebo ce. Haka yaron da ya taso a waje Hausarsa ba ta nuna ba, in aka sa shi maimaita kalma don a yi masa dariya, daga ranar yakan daina gwadawa. Ayar Suratul Hujurat da ta hana izgili da jifan juna da laƙabi ba ta ware mai kuɗi ba. Duk da haka nauyin ba ɗaya ba ne: ajebo zai sha tsokana ya shiga motar gidansu, ɗayar kuwa za ta fita neman Keke Napep da sunan da aka laƙaba mata.

Wanda ke son wasan a bikinsa ya nemi a turo masa katin mako guda kafin ranar, ya soke waɗancan shida, a maye su da tambayoyin ci da sutura da ciniki. A daina tara maki da kiran na ƙarshe. A karanta tambaya, mai so ya ɗaga hannu. A cire amarya daga ciki gaba ɗaya. In za a tsokani wani a fili, ya kasance ango da abokansa, ko taubasan da dama can suna wasa. A gaya wa mai gabatarwa a rubuce cewa ba zancen uban kowa, ba zancen unguwa, domin yawancin ɓarnar daga ƙarin gishirin da yake yi ne bayan ya karanta katin. Mai shirya bikin yana karɓar gyara in an yi magana da wuri, sai dai yakan nemi kuɗin sake buga kati, don haka a yi wannan ciniki kafin a ba da kafin alƙalami. In ya ce katin ba ya canzuwa, a bar wasan, a ɗauki sauran aikinsa.