Otel mai hawa 73 a Atlanta, da ruwan da ke hawa samansa

Jama'ar Garwa ta Kamaru, assalamu alaikum. Duk wanda ya shigo tsakiyar Atlanta a Amurka, idonsa zai fara sauka a kan Westin Peachtree Plaza, dogon gini kewayayye kamar ganga, gilashi tun daga ƙasa har sama. John Portman ne ya zana shi, aka buɗe a 1976 a filin tsohon otel ɗin Henry Grady. Hawa 73 ne, tsayi mita 220, ɗakuna fiye da 1,000, kuma a wancan lokacin ba otel a duniya da ya kai shi tsayi.

Ni ruwansa ne ya fi ɗaure min kai. Mutum a hawa na 60 ya murɗa famfo, ruwa ya zo da ƙarfi kamar yana hawa na 10. Kowane mita 10 na tsayi yana cin kusan bar 1 na matsi (bar ma'aunin matsin ruwa ne), wato kai ruwa ƙololuwa na buƙatar sama da bar 21 daga gindi. In aka tura duka ta hanya ɗaya, matsin zai yi wa bututu da famfunan ƙasa yawa. Don haka ake raba irin wannan gini kashi-kashi, kowane kashi da injin turawarsa, da bawul mai rage matsi, da wani injin da ke jira ko na farko zai mutu.

Mu kuwa a gida, bene mai hawa uku, inji ɗaya tal, tanki a sama ba abin tsayar da ruwa in ya cika. Ya yi ta tsiyaya a bango har rodi ya yi tsatsa. Alhaji zai zuba miliyoyin sefa a tayil, amma kuɗin gyara sai an kai ruwa rana.

Masu otel ɗin Atlanta su ma ba su tsira ba. Guguwar Maris 2008 ta farfasa ɗaruruwan tagogi, ga shi an daina ƙera irin gilashin. Aka toshe da katako, daga baya dole aka sauya gilashin ginin kaf. Masu lulluɓe gini da gilashi a Garwa da Injamena, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ku sayi mai ninki biyu, ku ajiye rara daga kaya ɗaya.

Abin haushi, taga ba ta buɗuwa, sai sanyin na'ura dare da rana, har mutum ya yi kewar iskar bakin kogin Binuwai. Banɗaki kuma tsaf-tsaf amma ba buta, sai takarda. Mai zuwa ya saka tasa a jaka.